Iyakar girman fayil

Iyakar girman fayil ita ce matakin da kwamfuta ko waya ba ta barin fayil ɗaya ya wuce. Masu tura fina-finai a garuruwa irin su Daudawa, cikin ƙaramar hukumar Faskari, kan ci karo da ita: ga fili a memori, amma fim ya ƙi shiga. Galibi laifin FAT32 ne, tsarin ajiye fayiloli a memori da Microsoft ya fitar a 1996, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4. Don magance matsalar, akan kwashe kayan memorin, a sake tsara shi da tsarin exFAT na 2006. Sai dai wasu tsofaffin wayoyi ba sa karanta exFAT, don haka gara a raba fim ɗin gida biyu.