Tarihin Babur Jincheng a Ƙasar Kazaure

A birnin Nanjing na ƙasar Sin akwai wata ma'aikata da a ke kira Jincheng, wadda ta soma ƙera babur cikin 1979. Daga baya ta koyi fasahar Suzuki ta Japan, ta riƙa yin babura masu araha. Sa'ad da suka yawaita a kasuwannin Kano, wajen shekarar 2000, sai talakan da Honda ta fi ƙarfinsa ya sami abin hawa. Tun daga Kazaure har Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, Jincheng ke ɗaukar buhun gero ran kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Amma duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya. Cikin Janairu 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, sa'an nan Boxer na Indiya, mai ƙarancin shan mai, ya ƙwace hanyoyin ƙauye. Tun daga nan sunan Jincheng ya fara dushewa. Ya kamata a rubuta labarinsa, gama samari da yawa da shi suka yi aure, suka gina gida.