Yadda Makin Tafiya Ya Zama Kuɗi

Shekaru uku na yi ina tara makin tafiya a wani kamfanin jirgin sama, amma ranar da na kashe shi daga Yamai, jirgin wani kamfani daban na hau. Ƙanena da ya rako ni ya ce, "Yaya, ka ci bashi a wani gida, wani gidan ya biya?" Tambayarsa ce ta sa na bi diddigin lamarin.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta janye hannun gwamnati daga ƙayyade kuɗin tikiti da hanyoyin jirage. Gasa ta ɓarke, kowane kamfani ya shiga neman dabarar riƙe fasinjojinsa. A watan Mayun 1981 American Airlines ya fito da shirin AAdvantage: gwargwadon nisan tafiyarka, gwargwadon makinka, in ya taru a ba ka kujera. Cikin 'yan kwanaki United ya fito da nasa.

Sai dai babu kamfanin da ke sauka a kowane gari, makin da ba zai kai ka inda kake so ba kuwa ba shi da amfani. Wannan na cikin abin da ya haifar da ƙawance. A 1997 kamfanoni biyar, wato United, Lufthansa, Air Canada, SAS da Thai Airways, suka kafa Star Alliance. Oneworld ta biyo baya a 1999, SkyTeam a 2000. Daga nan makin da ka tara a gida ɗaya ya zama karɓaɓɓe a gidan abokinsa, su kuma su daidaita lissafi a tsakaninsu.

Mu a yankinmu abin ya zo a makare. Air Afrique, wanda ƙasashe 11 har da Nijar, Cadi da Kamaru suka kafa a 1961, ya durƙushe a 2002 ya bar giɓi babba. Daga baya EgyptAir ya shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian a 2011, Royal Air Maroc kuma ya shiga Oneworld a 2020. Waɗannan na cikin ƙofofin da makin ɗan kasuwar Maraɗi ko Kano ke bi ya tsallaka iyaka.

Darajar makin ta fito fili lokacin annobar korona. A 2020 United ya jinginar da shirinsa na maki ya ci bashin dala biliyan 6.8, Delta kuma biliyan 9. Dalili shi ne bankuna na sayen makin da tsabar kuɗi su raba wa masu katinsu.

Abin lura shi ne, wanda ke buga wannan kuɗi shi ke yanke masa daraja. Kakanninmu sun ga irin haka a ƙarni na 19, lokacin da wuri ya yi yawa har ya rasa ƙima. Kamfani na iya ƙara yawan makin da kujera ke ci, kujerun da yake ware wa abokan ƙawance kaɗan ne, haraji kuma da kuɗi za ka biya. Ni dai tun daga tafiyar nan na daina ajiya. Da zarar makina ya isa kujera, sai in duba jadawalin abokan ƙawance tun da wuri, in kashe shi.