Azurfar da Ba a Cefane da Ita

Kowace shekara gidan buga kuɗi na Amurka yakan fitar da wasu kwandaloli da ba don kasuwa aka yi su ba. Akan goge faifan ƙarfen sai ya ɗau ƙyalli, a goge hatimin da za a buga shi da shi, sannan a danna masa hatimin sau biyu ko fiye. Kwandalar takan fito sumul kamar madubi, hoton da ke kanta ya taso fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Amurkawa na ce wa wannan aiki furuf, mu kuwa bari mu kira shi bugun madubi. Sai a haɗa ɗaya-ɗaya daga kowane irin kuɗin shekarar, a rufe su wuri guda, a sayar wa masu sha'awar tarawa sama da abin da aka rubuta a jikinsu. Wannan shi ne saiti. Mutane da yawa sun saye shi da niyyar barin gado ga 'ya'ya da jikoki, kuma tarihin farashinsa ya nuna mana waɗanda suka dace da waɗanda suka yi ajiyar banza.

A 1936 aka soma sayar da saitin a tsarin da aka san shi yanzu, daga birnin Filadelfiya. Kwandala biyar ne: senti ɗaya, senti biyar, senti goma, kwatar dala da rabin dala. Ukun ƙarshe azurfa ce kashi 90 cikin ɗari. Jimillarsu senti 91, ana sayar da su dala 1.81. Lokacin ƙasar na cikin matsin tattalin arziki, mutane na layin neman aiki, wane ne zai ba da kusan dala biyu ya karɓi abin da bai kai dala ɗaya ba? Saboda haka abin da aka buga bai wuce saiti 3,837 ba. Yau saitin 1936 mai kyau sai da dubban daloli, kuma rashin masayan da ya yi a zamaninsa ne ya kai shi nan.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka dakata bayan 1942, aka dawo a 1950 da farashin dala 2.10. Kafin nan labari ya bazu cewa waɗanda suka ajiye na farko sun ci riba, sai kowa ya taso. A 1950 an buga saiti dubu 51 da 'yan kai. A 1957 an haura miliyan ɗaya, a 1961 an haura miliyan uku. A 1964, shekarar da aka sa hoton Shugaba Kennedy a rabin dala 'yan watanni bayan kashe shi, saura kaɗan a cika miliyan huɗu. Magidanta suna saye goma-goma suna tura wa ƙarƙashin gado da akwatunan banki, kowa na jiran ranar da nasa zai zama irin na 1936.

Ranar ba ta zo ba, kuma dalilin a fili yake. Kuɗin kashewa yakan goge, ya ɓata, ya faɗa rami, shi ya sa tsohonsa mai kyau ke wuyar samu. Saiti kuwa tun daga ranar da aka saye shi a ɓoye yake cikin leda, ba wanda ya taɓa shi da yatsa. Miliyan uku aka buga, miliyoyi ne ke nan suka tsira lafiya lau, kuma duk mai so ya riga ya mallaki nasa. Abin da ya rage wa saitin 1961 ya jingina da shi shi ne nauyin azurfar da ke cikinsa, wajen giram 19, wato kashi shida cikin goma na oza da ɗan ɗori.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Liyari, kwandalar Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya wadda fatake suka yi ta shigowa da ita Kano da Borno, duk wadda ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu. An ci gaba da buga ta da wannan shekarar har miliyoyin ɗaruruwa, kuma har gobe ana bugawa a Biyana. Shi ya sa maƙeran farinmu ba su taɓa ruɗuwa da tsufan shekarar ba, aunawa suke yi su narka su ƙera mundaye da zobba. Wanda aka kawo wa liyari yau aka ce masa kayan tarihi ne na shekara ɗari biyu da ɗoriya, ya nemi sikeli kafin ya yi ciniki.

A Amurka, azurfar ce ta koma jan ragamar farashin. Tsadarta ta sa a 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta cire ta daga senti goma da kwata, aka rage ta rabin dala zuwa kashi 40. Hukuma ta ɗora wa masu tarawa laifin ƙarancin canji, ta hana su saitin har shekara uku, sai 1968 aka dawo da shi daga San Faransisko. A 1979 wasu attajiran Teksas 'yan gida ɗaya, Nelson Bunker Hunt da William Herbert Hunt, suka shiga saye azurfa suna kimshewa. Oza ta tashi daga wajen dala 6 zuwa kusan dala 50 a Janairun 1980. A wannan farashi, saitin da aka saya dala 2.10 yana ɗauke da azurfar dala 30. Jama'a suka yi layi a shagunan masu saye, kwandaloli masu ɗimbin yawa suka shiga tukunyar narki, ba ruwan wuta da ƙyallin madubi. Ranar 27 ga Maris na shekarar farashin ya rikito ƙasa da dala 11. Wanda ya ƙi sayarwa a Janairu sai da ya jira har Afrilun 2011 kafin ya sake ganin irin wancan farashi, bayan ya sha kallon oza a wajen dala 5 kusan duk tsawon shekarun 1990.

A 1992 aka dawo da saitin azurfa don masu tarawa, a kan dala 21. Shekarar da ta fi ba mu darasi a cikinsu ita ce 1999, lokacin da aka fara buga kwata mai hoton kowace jiha. Saitin na ɗauke da jihohi biyar na farko, Delaware ce kan gaba, ana sayar da shi dala 31.95, kuma an buga 804,565. Sai da aka rufe sayarwa sannan miliyoyin Amurkawa suka kamu da son tara kwatocin jihohi, kowa na neman na farkon don ya cika jerinsa. Farashin ya haura dala 300. Da shirin ya ƙare a 2008 zumuɗi ya kwanta, ya sauko zuwa wajen dala 100. A ganinmu wanda ya saya daga hukuma bai yi asara ba ko kusa. Wanda ya shigo a tsakiyar hayaniya ya biya ɗari uku shi ne ya ɗauki kayan wani.

Na 2012 ya bi ta wata hanyar. Farashinsa na dala 67.95 ya kori masaya, hukuma kuma ta rufe sayarwa ba zato, adadin bai kai dubu 400 ba. Nan da nan kuɗinsa ya ninka har ya zarce. Abin lura shi ne wasu shekarun da suka biyo baya an buga ƙasa da haka, amma farashinsu bai yi irin wannan tsalle ba, domin masu tarawar su ma raguwa suke yi. Ƙarancin kaya ba ya ɗaga farashi sai da mai nema.

Akwai kuma batun lafiyar kwandalar kanta. Tun 1986 da 1987 aka kafa kamfanonin PCGS da NGC masu duba kwandala su ba ta maki, 70 ne ƙololuwa, su rufe ta a roba. Wannan ya sa dillalai ke fasa tsofaffin saiti suna zaɓen wadda hotonta ya fi yin fari, domin a shekarun 1950 kwandalolin farko kaɗan da sabon hatimi ya buga ne kawai ke fita da wannan farin kafin ya goge. Irin wannan guda ɗaya takan fi sauran saitin duka kuɗi. Tabo ɗaya na yatsa, ko gogewa da tsumma da nufin gyara, ya isa ya mayar da ita farashin nauyi.

Daga 2019 hukumar ta daina gauraya azurfar da jan ƙarfe, ta koma tatacciya, kashi 999 cikin dubu. Farashin sabon saiti daga hannunta ya haura dala 100 a shekarun da suka biyo baya, kuma adadin da ake bugawa bai kai rabin na 1999 ba.