Matasan Tibet a gudun hijira: daga aji zuwa kujerar shugabanci

A watan Maris na 1959 Dalai Lama ya sulale daga Lhasa, babban birnin Tibet, kafin sojojin Sin su murƙushe boren da mutanensa suka yi. Ya tsallaka tsaunukan Himalaya ya shiga Indiya, mutum wajen dubu 80 suka biyo sawunsa. Da yawansu aikin fasa dutse da shimfiɗa hanyar mota aka samo masu a arewacin ƙasar. Iyaye na kan aiki, yara na zube cikin tantuna a bakin hanya, ciwo yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ni da alli ke hannuna kullum, abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da suka fara ginawa. A 1960 suka buɗe makarantarsu ta farko a garin Mussoorie da ɗalibai 50. Cikin watan Mayu na shekarar aka kwaso yara 51 daga sansanonin aikin hanya zuwa Dharamsala, inda Dalai Lama ya zauna, yayarsa Tsering Dolma ta karɓi renonsu. Da ta rasu a 1964, ƙanwarsa Jetsun Pema ta ɗauki nauyin, ta riƙe shi fiye da shekara 40. Gidan renon nan shi ya bunƙasa ya zama makarantun da ake kira Ƙauyukan Yaran Tibet. Gwamnatin Nehru kuma ta yarda a keɓe masu makarantu nasu, maimakon a watsa yaran cikin na Indiyawa su narke.

Sai dai da Turancin Ingilishi ake koyarwa, harshen Tibet darasi ɗaya ne kawai cikin sauran. Mu da muka fara a, b, c da Faransanci mun san yaron da wannan tsari ke fitarwa: ya iya rubuta wa ofis takarda, amma wasiƙar kakarsa ta gagare shi. A shekarun 1980 ne makarantun Ƙauyukan suka fara mayar da karatun firamare cikin harshen gida, daga baya a 2004 majalisarsu ta gudun hijira ta amince da tsarin ilimi da ya sa harshen Tibet a gaba.

Ranar 7 ga Oktoba 1970 wasu samari huɗu, Lodi Gyari, Sonam Topgyal, Tenzin Geyche Tethong da Tenzin Namgyal Tethong, suka jagoranci kafa Ƙungiyar Matasan Tibet a Dharamsala, Dalai Lama da kansa ya halarci buɗewar. Rassanta suka bazu a Indiya da Nepal da ƙasashen waje, makarantun nan kuwa suka yi ta ciyar da ita da sabbin mambobi. Tana shirya bukukuwan al'ada, tana koyar da manya karatu, tana zaɓen shugabanninta duk shekara 3. Wannan zaɓen ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da a ƙasarsu ta asali sarauta da gidajen ibada ke riƙe da mulki. A nan saurayi ke koyon tsayawa takara, da shan kaye, da miƙa kujera.

Cikin manufofin ƙungiyar akwai alkawari biyu: yi wa ƙasa hidima ƙarƙashin jagorancin Dalai Lama, da fafutukar cikakken 'yanci. A 1988, a birnin Strasbourg na Faransa, Dalai Lama ya bayyana cewa zai karɓi cin gashin kai a cikin ƙasar Sin, ba sai an ɓalle ba. Alkawuran biyu suka yi karo. Ƙungiyar ba ta janye girmamawarta gare shi ba, ba ta kuma sauka daga neman 'yanci ba. Wasu dattawa suka ga rashin kunya ce. Ni ban ga haka ba. Wanda ka koya wa yin tambaya, wata rana kai zai tambaya. Abin bai tsaya ga muhawara ba: a 1998, lokacin wani yajin cin abinci da ƙungiyar ta shirya a Delhi, wani mutum mai suna Thupten Ngodup ya cinna wa kansa wuta ya mutu. Hukumomin Beijing kuma, musamman bayan tarzomar 2008, suna kiran ƙungiyar ta 'yan ta'adda, ita kuwa tana musantawa.

Biyu daga cikin samarin nan huɗu sun shugabanci majalisar ministocin gudun hijira. Lodi Gyari, tsohon mai neman ɓallewa, shi ne ya zama wakilin Dalai Lama a tattaunawa da Sin daga 2002 zuwa 2010, yana kare ra'ayin cin gashin kan da ƙungiyarsa ta ƙi. A 2011 Dalai Lama ya sauke ikon siyasa, 'yan gudun hijira suka zaɓi Lobsang Sangay, tsohon jigo a ƙungiyar, wanda aka haifa a yankin Darjeeling a 1968, ya yi makarantar 'yan gudun hijira kafin ya kai jami'ar Harvard a Amurka. Ranar da aka rantsar da shi, bai taɓa taka ƙasar Tibet ba.