Snow Leopard: Nazarin Sabuntawar da Aka Tallata da Sifili

A watan Yunin 2008, a taron da kamfanin Apple ke yi duk shekara da masu rubuta manhaja, wanda aka yi a birnin San Faransisko, Bertrand Serlet, shugaban sashen manhajar kamfanin a lokacin, ya haska allo yana sanar da adadin sabbin abubuwan da babbar manhajar Mac mai zuwa za ta zo da su. Sifili ne a rubuce. Wadda ta gabace ta, Leopard, da sabbin abubuwa sama da 300 aka tallata ta. Wannan kuwa, da aka raɗa wa suna Snow Leopard, alkawarinta gyara abin da ke akwai. Ta fito ranar 28 ga Agustan 2009 a kan dala 29, alhali dala 129 aka sayi Leopard. Har gobe idan ma'abota Mac suka gaji da tangarɗar wata sabuwar manhaja, sai ka ji suna roƙon a maimaita musu shekarar Snow Leopard. Abin da wannan nazari ke son ganowa shi ne inda wannan suna mai kyau ya samo asali, da kuma ko ranar fitowarta ta same shi.

Sai an dubi bashin da ya taru kafin a gane dalilin tsayawa biya. Tsakanin 2005 da 2006 Apple ya sauya furosesar kwamfutocinsa daga PowerPC zuwa Intel, don haka kusan kowace manhaja a cikin tsarin tana ɗauke da siga biyu, ɗaya ta tsofaffin kwamfutoci, ɗaya ta sabbi. A 2007 kuma aka kwashe injiniyoyi zuwa aikin iPhone, har fitowar Leopard ta koma Oktoba maimakon Yuni. Da ta fito, an samu kuskuren da ke iya ɓatar da fayil idan hanya ta yanke ana tsakiyar mayar da shi wani faifan, sai da sabuntawar 10.5.1 ta toshe shi. Gini ne da aka yi ta ƙara wa ɗakuna cikin gaggawa, ba a samu sukunin duba tubalin ƙasa ba.

Wancan sifilin dabarar talla ce, domin aikin da aka yi a ciki mai yawa ne, ido ne dai ba ya ganinsa. An sake rubuta Finder, manhajar da mutum ke buɗe foldodi da fayiloli da ita, daga tsohon tsarin Carbon zuwa Cocoa, amma aka bar fuskarta kusan yadda take. An mayar da galibin manhajojin da ke zuwa da tsarin zuwa bit 64, yadda za su iya amfani da ma'ajiyar wucin gadi mai yawa. An kuma shigo da Grand Central Dispatch, wanda a ganina shi ne aikin da ya fi daɗewa yana amfani. A wancan lokaci furosesa ta daina ƙara gudu kamar da, sai dai a zuba mata ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu a guntu ɗaya. Raba aiki tsakanin waɗannan ƙwaƙwale da hannu abu ne mai wuya, kuma kurakuran da yake haifarwa suna da wuyar kamawa, domin yau su bayyana, gobe su ɓoye. Sabon tsarin ya ce wa mai rubuta manhaja ya yanka aikinsa gunduwa-gunduwa ya jera a layi, babbar manhaja ita za ta raba. Mai kwamfuta bai ga maɓalli sabo ba, ya dai lura cewa abubuwa sun rage tsayawa cak. Sabon abu guda da kamfanin ya amsa da bakinsa shi ne haɗa akwatin saƙo da kalanda da Microsoft Exchange, don jawo ma'aikatan ofis.

Batun fili a faifan ajiya yana buƙatar a tsaya a kansa, saboda gaskiya da wayo sun cakuɗu a ciki. Apple ya ce wanda ya ɗora Snow Leopard zai samu rarar kusan gigabait 7. Akwai dalilai na gaske: an cire sigar PowerPC, an matse fayilolin tsarin, an daina jibge manhajojin firintoci barkatai sai wadda ake buƙata. Amma a wannan sabuntawar ce aka canza yadda ake ƙirga gigabait. Da can bait 1,073,741,824 ne gigabait ɗaya, yanzu aka mayar da shi bait 1,000,000,000 cif, kamar yadda masu ƙera faifai ke rubutawa a kwali. Faifan da ke nuna kusan 465 sai ya wayi gari yana nuna 500. Mudun ne aka rage, hatsin yana nan yadda yake, kuma mutane da yawa sun haɗa lissafin biyu suka yi murna fiye da abin da suka samu.

To, ranar fitowa fa? Nan ne tarihi ya saɓa wa abin da ake tunawa. Faifan farko ya zo da tsohuwar sigar Flash Player mai kafofin da ɓarayin intanet suka sani, har yana maye gurbin sabuwar da mutum ya riga ya ɗora. Ba a yi mako biyu ba aka fitar da 10.6.1 don gyara wannan. Wanda ya fi muni shi ne kuskuren asusun baƙo. An tsara wannan asusu ne don wanda ya ari kwamfuta, da zarar ya fita a goge duk abin da ya bari. A wasu kwamfutocin da aka ɗora wa Snow Leopard a kan Leopard, mutum zai shiga asusun baƙo, ya koma nasa, ya tarar an share masa komai: hotuna, takardu, waƙoƙi. Kamfanin ya amsa laifin a Oktoba, gyaran ya zo a 10.6.2 cikin Nuwamban 2009. Ga wanda abin ya faɗa wa ba tare da kwafin ajiya ba, Snow Leopard gyaran gangar Auzinawa ce.

Ba abin mamaki ba ne. Masu rubuta manhaja sun san cewa taɓa tsohon rubutu, ko da niyyar gyara ce, yana iya karya abin da ke aiki lafiya tun da. Sake rubuta ɓangare ɗungurungum ya ma fi haɗari, domin tsohon rubutun, duk muninsa, yana ɗauke da faci na shekaru da ba wanda ya tuna dalilinsu. Apple da kansa ya yi taka-tsantsan: duk da ya gina zuciyar tsarin a bit 64, galibin kwamfutoci da ta bit 32 suke tashi, sai wanda ya danne maɓallan 6 da 4 lokacin kunnawa. Dalili kuwa, manhajojin na'urorin da ake jonawa ba su shirya ba.

Saboda haka abin da mutane ke yabo idan sun ambaci Snow Leopard shi ne 10.6.8, wadda ta fito a Yunin 2011 a matsayin ƙaramar sabuntawa ta takwas. Kusan shekara biyu aka yi ana tankaɗe da rairaya a kan tushe ɗaya da ba a girgiza shi da sabbin abubuwa ba, in ban da kantin manhajoji na Mac App Store da ya shigo a 10.6.6 cikin Janairun 2011. Wannan tazara ita ce sirrin. Daga 2012 kamfanin ya koma fitar da babbar manhaja duk shekara, kafin wata ta nuna an sauke tukunyar an ɗora wata.

Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin tsaftar. Wanda ya sayi Power Mac G5 mai tsada a farkon 2006 ya ga an rufe masa ƙofa bayan shekara uku da 'yan watanni, domin Snow Leopard ba ta hawa PowerPC sam. Riƙon da aka yi mata daga baya ma ba duka ƙauna ba ce. Ita ce ta ƙarshe da ke ɗauke da Rosetta, tafintan da ke ba tsofaffin manhajojin PowerPC damar aiki a kan Intel. Da Lion, wadda ta gaje ta, ta fito a Yulin 2011 babu Rosetta, masu tsohuwar manhajar lissafin kuɗi ko ta aikin ɗab'i suka ga idan sun matsa gaba kayan aikinsu za su mutu, sai suka zauna inda suke. Apple ya ci gaba da aika musu facin tsaro har zuwa 2013, sannan ya daina.