Kafin Kantin Kwari: Lokacin da Fagge Take Zangon Ayari

Idan kana kallon finafinan Amurka, wataƙila ka taɓa ganin iyali sun ɗaura wani ɗan gida mai taya a bayan mota, sun nufi daji hutun bazara. A ciki akwai gado, akwai murhu, har da makewayi. A Ingila sunan wannan gida "karaban", kalmar da asalinta Farisanci ne, kuma ma'anarta ayari. Wani likita, William Gordon Stables, shi ya sa aka ƙera masa irinsa na yawon shaƙatawa a 1885, dawaki ke ja. Su nishaɗi ya fitar da su. A Kano kuwa an yi ɗaruruwan shekaru ana tafiya da gida a bayan dabba don neman abinci, kuma babban masaukin waɗannan matafiya shi ne inda kake kutsawa yau da Adaidaita Sahu, wato Fagge.

Ka ɗan share Kantin Kwari daga zuciyarka, ka share benaye da hayaƙin janareto. Abin da zai rage fili ne fetal a wajen ganuwa, gabas da birni, kusa da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai. Ana danganta sunan unguwar ma da kalmar "fage". Nan ayarin Buzaye da Abzinawa ke sauka da raƙumansu, ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da tufafin Kano.

Me ya sa ba sa shiga birni da dabbobin? Lissafi ne mai sauƙi. Ƙofofin gari ana rufe su da almuru, ayari kuwa ba shi da tabbacin lokacin isowa. Sannan raƙuma ɗaruruwa suna buƙatar wurin durƙusawa da kiwo da ruwa, abin da lungunan Kurmi ba za su ɗauka ba. Ga kuma batun tsaro: sarki ya fi son baƙi masu takubba su kwana inda ido ke kansu. Don haka dabba da masu kula da ita su tsaya a fage, kaya kuma su shiga hannun fatoma, mai masaukin da zai ajiye su, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙo a ciniki. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin kusan 30,000, amma ya ce a lokacin hada-hadar rani adadin kan kai 60,000. Ka ga kenan kusan rabin mutanen da zai gani a watannin nan baƙi ne da za su tashi.

Su Turawa da zafi suke fita. Fatake kuwa sai damina ta ɗauke, kuma dalilin yana cikin kimiyyar ƙwari da ruwa. Da damina koguna sun cika, hanya ta zama taɓo, ga shi mutane na gona. Mafi muni shi ne ƙudan tsando, mai ɗauke da ƙwayar cutar sammore. Yana son inuwa da laima, don haka da damina yakan bazu, da rani kuma ya takure a bakin rafuka. Wannan ƙuda shi ya raba wa dabbobi aiki. Raƙumi gwanin hamada ne: zafin jikinsa kan hau da rana ya sauka da dare, abin da ke rage masa asarar ruwa ta gumi (tozonsa kuma kitse ne, ba tulun ruwa ba, duk da abin da aka gaya mana muna yara). Amma ka kai shi kurmi, sammore ta gama da shi. Saboda haka Kano ta zama wurin sauya abin hawa. Kayan arewa su sauka daga raƙumi, masu nufar kudu su ɗora wa jakuna da takarkarai da kan 'yan alaro.

Ayarin kudu da ya fi shahara shi ne na Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, inda ake sayo goro a kasuwar Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka riƙe wannan fatauci. Tafiya ce ta watanni, kuma ayarin tamkar gari ne mai tafiya. Madugu ne shugaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na taimaka wa madugu, ga malami mai rubutu da addu'a. Mata na cikin tafiyar, suna girki suna kuma nasu cinikin. Ana tashi da sassafe, a yada zango kafin rana ta yi tsanani, a kafa bukkoki da ciyawa da rassan da aka samu a wurin, a kewaye dabbobi da ƙaya. A ganina gwanintar da ta fi burgewa ita ce ta goron kansa. Ɗanyen iri ne, in ya bushe ya lalace, in ya jiƙe da yawa ya ruɓe. Dole a naɗe shi da ganye, a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince mai tsutsa, har a iso Kano.

Inda ayari ya saba sauka, a hankali wasu sukan zauna. Shi ya sa kake jin Zangon Daura da Zangon Kataf, kuma har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Accra "zongo" ake ce musu.

Ƙarshen abin ya zo da sauri. Yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911. Tafiyar da jaki ke yi a watanni, jirgin ƙasa ya mayar da ita ta kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda ya tashi cikin Agalawa ya kuma yi fataucin Gwanja, yana cikin waɗanda suka fara gane haka: ya riƙa turo goro ta jirgin ruwa zuwa Legas, daga baya ya zama babban dillalin gyaɗa a Kano.

Jirgin ya kawo sababbin baƙi, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu da Saliyo da Gwalkwas. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari. Ka lura, tsohuwar dabarar ce aka maimaita, baƙo ya sauka a wajen ganuwa, sai dai wannan karon da tituna a miƙe da dokar Bature, kuma ba a ƙarƙashin sarki ba a farko. Fagge ita ma aka yanka ta filaye, Hausawa baƙi da Larabawa da Kwarori suka gina gidaje da kantuna. Raƙuman gishiri sun ci gaba da zuwa na wani lokaci, suna raguwa shekara bayan shekara, har manyan motoci suka karɓe hanyar Zinder da Agadez.