Kududdufi da Kogi: Tarihin Ruwan Ƙazanta a Haɗejiya

Masu rubuta tarihin Haɗejiya sun fi son ambaton Sarki Buhari da yaƙe-yaƙensa, ko shekarar 1906 da sojojin Turawa suka auka wa garin har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Kaɗan ne ke tambayar inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke zuwa bayan ya fita ta rariya. Alhali ga garin da ke zaune a bakin fadama, amsar wannan tambaya ce ke raba lafiya da annoba.

A zamanin da, kududdufi ne amsar. Ƙasar da aka gina ganuwa da soraye a nan kusa aka haƙo ta, ramukan da aka bari suka zama matattarar ruwan unguwa, salga kuma ta ɗauki bayan gida. Idan ruwa ya kwanta a kududdufi, dauɗa mai nauyi sai ta nutse, hasken rana ya rage ƙwayoyin cuta, saura ƙasa ta tsotse. Irin wannan aiki ne injiniyoyi ke gina tafkunan tace ruwa dominsa a yau. Aibinsa shi ne sauro da wari, kuma wannan fuskar ce dubagari na zamanin Turawa suka fi gani.

Sauyi na farko daga Kano ya gangaro, domin kogin Haɗejiya haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kogin da ya saba cika da damina ya janye da rani sai ya koma gudana duk shekara. Ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Ga kuma majemu na zamani a Sharaɗa da Challawa, waɗanda suka daɗe suna zuba dagwalonsu a rafukan da ke ciyar da kogin. Ruwa ba ya tsami banza.

Sauyi na biyu a cikin gari ya faru. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, jama'a ta ƙaru, bulo ya maye gurbin tubali, fili ya yi daraja. Kamar a sauran garuruwan Arewa, kududdufi ya zama abin cikewa da shara a yanka fuloti. An rushe tsohon tsari, ba a gina sabo ba. Shi ya sa idan ambaliya ta zo, kamar a 2020, ruwan kwata da na masai ke gauraya da na rijiya.

Darasin wannan tarihi bai buƙaci injuna masu tsada ba. A ƙasashe da dama, kachalar da manomanmu ke kuka da ita shuka ta ake yi da gangan a tafkunan wucin gadi, saiwoyinta su tace ruwa kafin ya isa kogi. Abin da Haɗejiya ke buƙata shi ne fili da aka keɓe a bayan gari, da dokar da za ta hana a sayar da shi. Dausayin Baturiya, wanda ya shiga jerin Ramsar a 2008, yana ƙasa da mu, haka Gashuwa. Abin da muka zuba yau, su za su sha gobe, kamar yadda muke shan na Kano.